Hannun da Ya Wanke Ciyaman

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran abokina kuma maigidana a sana'a, marubucin wasan kwaikwayo wanda mutane suka daɗe da manta sunansa na yanka, yaro da babba sai dai su ce Ciyaman. Ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, aka kai shi makwancinsa bayan sallar la'asar. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da kuma ƙungiyar wasa wadda ba mu san ko za ta sake buɗe labule ba.

Ciyaman, ni ne Alƙali. Shekara talatin da wani abu kana fitowa a shugaban ɓarayi, ni kuma ina fitowa a alƙalin da ke yanke maka hukunci a ƙarshen wasa. Na ɗaure ka, na kore ka daga gari, akwai ma wasan da na sa aka rataye ka, kuma duk lokacin da aka rufe labule kai ake tafa wa. Ba na jin haushi, na daɗe da sanin cewa ba a tafa wa alƙali. Ba zan cika wannan rubutu da kuka ba, domin kai ka hana mu kuka a gaban jama'a, ka ce ɗan wasan da ya riga 'yan kallo kuka ya ƙwace musu aikinsu.

Zan fara da kayan da ka ɗora mini, tun da shi ya hana ni sakat a kwanakinka na ƙarshe. Na je duba ka da rana, maiɗakinka ta fita alwala, ka yafito ni da hannu. Ka ce in Allah Ya yi ikonSa, ba ka son kowa ya yi maka wanka sai Almakashi. Almakashi tsohon ɗan sane ne, wanda a zamaninsa ba aljihun da ya gagare shi a tasha da kasuwa, yanzu kuma dattijo ne mai gyaran kwaɗo da yanka makulli a gefen titi. Na ce ka faɗa wa babban ɗanka, Injiniya, da bakinka. Ka ce in ka faɗa masa zai yi maka musu, kai kuma numfashin musu ya ƙare maka, amma matacce ba a yi masa gardama. Na ce matacce ba a yi masa, amma ɗan aikensa ana yi masa. Ka yi dariya har robar ƙarin ruwan da ke hannunka tana rawa. Na fita daga ɗakin na san ka bar ni tsakaninka da ɗanka, na kuma san ɗan naka bai tsani ganin kowa a ƙofar gidanku kamar Almakashi ba.

Don mai karatu ya gane yadda aka zo nan, sai na koma baya.

Mun haɗu muna samari a wani ɗakin taro na haya, mai benci da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Ni na zo ne in kalli gwaji, sai wanda ya kamata ya yi alƙali bai zo ba. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce fuskata ta yi kama da ta mutumin da bai taɓa yarda da uzurin kowa ba, in hau. Hawan ke nan da ban sauko ba har yau.

A lokacin ka riga ka cika kanka da karatu. Ka karanta wasannin dā na ƙasashe daban-daban, waɗanda aka fassara da waɗanda ka yi ta kokawa da su da ƙamus a gefe, da tsofaffin littattafan labari masu bin ɓarawo tun daga goyo har zuwa igiya. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda marubutan da ba su san juna ba, ba harshe ɗaya ba, ba zamani ɗaya ba, duk suka riƙa gangarawa lungu wajen 'yan sane da 'yan caca da masu sayen kayan sata in suna son yin maganar manyan garinsu. Ka ce ba son ɓarayi suke yi ba, dabara ce ta mai rauni. Babban mutum ba a hawa da shi dandamali cikin rigarsa, in ka yi haka gobe ba ka kwana a gida. Sai ka tuɓe masa rigar, ka sa masa ta ɗan sane, ka bar masa tafiyarsa da gyaran muryarsa da irin kalmomin da yake so. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kasuwar ma ta sani, amma ba wanda zai kai ka ƙara ba tare da ya nuna kansa ba.

Ka kuma lura da wani abu da ka gina dukan aikinka a kai. A cikin waɗannan tsofaffin wasanni, duniyar ɓarayi ba ta rasa komai da duniyar mutanen kirki ke da shi. Suna da shugaba, suna da haraji, suna da kotu, suna da masu koyon aiki, har suna ƙin ba wa wanda ba ɗan sana'a ba 'yarsu don kada ya ɓata musu suna. Ka ce wannan shi ne wurin dariyar, kuma shi ne wurin tsoron. Amma ka kafa mana doka: duk wasan da saurayi ya fita daga kallonsa yana sha'awar zama ɓarawo, wasan ya faɗi ko da an cika ɗaki. Saboda haka ne ba ka taɓa barin shugaban ɓarayi ya tsira daga hannuna ba, ko da 'yan kallo suna ihu a sake shi.

Wasan da ya ba ka suna shi ne Taron Shekara. Ƙungiyar ɓarayin gari ce ta kira babban taronta. Aka buɗe da addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da duk laƙabinsu, aka yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da 'yan'uwa da ke tsare. Ana cikin haka sai aka ga agogon bangon ɗakin ya ɓace. Ciyaman ɗin ɓarayin, wato kai, ya miƙe ya nuna matuƙar takaicinsa da lalacewar tarbiyya, ya kafa kwamitin bincike mai ƙarfi, ya naɗa kansa shugaban kwamitin, kuma duk tsawon jawabin nan ana jin agogon yana bugawa a cikin babbar rigarsa. Ba ka taɓa yin murmushi a wurin nan ba. Ni da ke zaune bayan labule ina jiran fitowata, sau da yawa sai na cusa hulata a baki.

Ba duk abin da ka rubuta ne ya kai wannan ba, kuma na faɗa maka kana raye. Littafin labarin da ka yi a kan mai sayen kayan sata da ya zama mai faɗa a ji, rabinsa wa'azi ne, kuma kai ba ka iya wa'azi ba. Kana da zafin rai a wurin gwaji. Ka taɓa sa mu maimaita shigowa ɗaya tun azahar har rana ta yi sanyi saboda mai fitowa a sakatare ya ƙi daina kallon 'yan kallo. Yabo kuwa tamkar da kuɗi kake sayo shi. Mafi girman abin da ka taɓa ce mini shi ne, “Yau ba ka ɓata mini wasa ba.”

Amma wanda ya san zafinka ya san ɗaya gefen. Lokacin da telanmu mai ɗinka kayan wasa ya fara rasa ganinsa, ba ka sallame shi ba. Ka ƙirƙiro makaho a cikin wasa na gaba, mai zama a ƙofar ɗakin taron ɓarayi yana gane kowa da takunsa, ka ba shi, ya ci abinci da wannan fitowa har ya koma ga Allah. Lokacin da mijin wadda ke fitowa a uwar ɓarayi ya rasu, dangin mijin suka ce 'yar wasa ba za ta riƙe musu 'ya'ya ba, kai ka sa rigarka ta kirki ka yi ta zarya gidajensu, kana durƙusa wa waɗanda ka girme, har suka bar mata yaranta. Ni kaina, da aka kwantar da ni a asibiti aka yi mini aiki, kullum sai ka zo ka zauna kana karanta mini sabon wasa kana tambayata ra'ayi, alhali ka san ba ka ɗaukar ra'ayin kowa. Ka yi ne don kada in ji an daina bukatata.

Taron Shekara shi ya ba ka suna, shi kuma ya jawo maka abin da ka ɓoye har ka mutu. Wani babba a hukumar gari na wancan lokaci ya zo kallo, ya zauna a benci na gaba. Yana da wata ɗabi'a ta gyara murya sau biyu da shafa ƙirji kafin ya ce “a gaskiya”, kai kuma ka ba Ciyaman wannan ɗabi'a ba ragi. Jama'a suka riƙa dariya suna leƙen ƙeyarsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bai kai ka ƙara ba, don ya san abin da ƙarar za ta nuna. Sai kawai aka zo da mota wata safiya aka ce ana son ka amsa wasu tambayoyi, ka tafi da silifas, ba ka dawo ba sai bayan watanni.

Ba a taɓa gurfanar da kai gaban alƙali na gaske ba. An yi maka bulala, ba sau ɗaya ba, aka jefa ka ɗakin da ake tara 'yan sane da 'yan fashi, wai tun da kana son su sai ka je ka same su. A nan ka haɗu da Almakashi. Shi ya kwantar da kai rub da ciki a kan tabarmarsa, shi ya yaga rigarsa ya riƙa jiƙa ta da ruwan shansa yana goge maka baya, shi ya riƙa korar ƙuda daga mikin har ya kame. Ya taɓa ganin wasanka, ya kuma gaya maka cewa yadda kake zare walat a dandamali ko makaho zai kama ka. Ka ce mini ba a taɓa yi maka sukar da ta yi maka daɗi kamar wannan ba.

Ka fito da bayanka kamar gonar da aka yi wa huɗa. Mu da muke canza kaya tare a bayan labule mun sani, maiɗakinka ta sani, amma ka rantsar da mu kada 'ya'yanka su ji. A lokacin suna ƙanana, an ce musu ka yi tafiya. Ka ce ba ka son su tashi da ƙiyayyar wani a zuciya, kuma ba ka son su riƙa kallonka da tausayi. Tun daga nan ba ka ƙara zama a tsakar gida ba riga ba, komai zafi. Yaran suka ɗauka tsabar kunya ce irin ta mutanen dā. Ko a jinyar nan ta ƙarshe, in za a canza maka riga sai ka kori kowa ban da uwarsu.

Da Almakashi ya fito, kai ka tsaya masa har ya bar sana'ar. Ka kai shi wurin wani mai gyaran kwaɗo ya koya, ka ce hannun da ya san yadda ake buɗewa ba zai sha wahalar koyon rufewa ba. Ya tuba, ya riƙe salla, har ya zama cikin masu taimakawa wurin wankan gawa a unguwarsu, inda ba a cika samun masu son aikin ba. Kowane gwaji yana zaune a benci na ƙarshe. Ta dalilinsa wasu tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa zuwa kallo, wasu sun tuba, wasu Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne, a duk shekarun nan ba a taɓa yanke aljihun kowa a ɗakin wasanmu ba.

Wannan abota ita ce ta tsaya wa Injiniya a maƙogwaro, kuma ba na ganin laifinsa. Ya tashi yara suna kiransa ɗan shugaban ɓarayi. Mutane da yawa ba sa raba mutum da rigar da ya sa a wasa, balle ga tsohon ɗan sane yana shan shayi a ƙofar gidanku kowace Juma'a. Da ya tashi aure, dangin yarinyar suka aiko bincike, wani kawunta ya tambayi maƙwabta wai shin uban da gaske yake taɓawa ko a wasa ne kawai. Maganar ta dawo kunnen Injiniya. Ya zo ya same ka ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne a idon duniya, ka zaɓa tsakanin mutuncin 'ya'yanka da wannan mutum. Ka ce masa ka ji. Ba ka kori Almakashi ba, ba ka kuma gaya wa ɗanka dalili ba. Auren ya yiwu, amma tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninku, da biyan kuɗin magani in ta kama. A nan, Ciyaman, ina ganin ka yi taurin kai. Magana ɗaya da ta warware komai, ka zaɓi ka haɗiye ta.

A asibiti na tuna maka wannan. Na ce in Almakashi ya yi wankan, ai dole wani daga cikin 'ya'yanka ya tsaya, kuma zai ga abin da ka ɓoye. Ka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kana so hannun da ya taɓa wurin yana ɗanye shi ya taɓa shi a ƙarshe, kuma in ɗanka zai gani, ya gani a gaban wanda zai iya ba shi labarin daidai. Ka hana ni faɗa masa sirrin bayan naka kafin lokacin.

Da aka kawo ka gida ranar Talata, kafin azahar ƙofar gida ta cika. Abokan aikin Injiniya sun zo da motocinsu, 'yan wasa sun zo, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi. Can gefe, jikin katangar maƙwabcinku, Almakashi na tsugune shi kaɗai, ya rufe rumfarsa ya zo da ƙaramin ƙunshi a hannu. Injiniya ya riga ya aika a kira masu wanka biyu daga masallacin unguwa. Na ja shi zaure na faɗa masa wasiyyarka.

Ya ce, “Baba Alƙali, ku bar ni in binne ubana da mutunci. Ya yi wasa da sunanmu yana raye, ba za a yi wasa da gawarsa ba.”

Na ce, “Ɗana, ni ɗan aike ne. Da bakinsa ya faɗa, yana cikin hankalinsa.”

“Ku da kuka saba haddace magana, wa ya san inda kuka samo wannan?”

Maganar ta yi mini zafi, amma ranar ba ta fushina ba ce. Aka kira liman. Ya ce in mamaci ya ambaci wanda zai wanke shi, ana cika masa, matuƙar mutumin ya iya wankan kuma amintacce ne, domin mai wanka yana ganin abin da ba a so a gani, ana bukatar ya rufe. Injiniya ya ce to magana ta ƙare, tun da an ce amintacce. Ya ce a fita waje a tambayi duk wanda aka ga dama ko zai ba wancan tsohon ajiyar takalminsa. Ina tsaye da amsar a bakina, alƙawari ya ɗaure ni. Ban taɓa jin nauyin rashin magana kamar a zauren nan ba.

Maiɗakinka ce ta raba gardamar, daga bayan ƙofa, ba ta ko fito ba. Ta kira ɗanta da sunan da take kiransa tun yana goye, ta ce shekarun da ta yi da kai ba ka taɓa roƙon wani abu don kanka ba sai wannan, kuma in an hana ka, ita za a hana. Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yarda saboda ita, amma da sharaɗin zai tsaya a ɗakin daga farko har ƙarshe. Kafin a kira tsohon, ya sa ƙannensa suka kwashe abin da ke ɗakinka: agogon hannunka, da wayarka, da rediyo, har da tabaranka. Aka fito da su a faranti, aka wuce da su ta gaban Almakashi. Ya gani, ya gyara riƙon ƙunshinsa.

Mu uku muka shiga. Abin da zan faɗa yanzu, da izinin Injiniya nake faɗa, shi ya ce in rubuta. Ni na riƙe mayafin da aka rufe ka da shi, Injiniya ya riƙe buta, ba don yana son taimakawa ba, sai don wurin ya fi kusa da hannun tsohon. Almakashi ya kwance ƙunshinsa, sabulu ne da kafur da tsumma mai tsabta. Ya yi bisimilla, ya yi maka alwala, ya fara da ɓangaren dama. Na ga wanka da yawa, ban ga mai sauƙin hannu kamarsa ba. Jikinka ya sha allura, hannuwanka sun kumbura, amma ya riƙa ɗaga su yana ajiyewa kamar yana tsoron ya tashe ka. Idon Injiniya bai bar yatsunsa ba.

Da aka zo juya ka, tsohon ya ce, “Yallaɓai, tallafa mini kafaɗar.” Injiniya ya ajiye buta ya tallafa. A nan ya ga bayanka. Shekaru sun dusar da tabon amma ba su share shi ba, layi a kan layi tun daga wuya har ƙugu. Ya tsaya bai motsa ba. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa mene ne wannan.

Almakashi bai daina wankan ba. Ya ce, “Bulala ce, Yallaɓai. Lokacin da aka ce muku ya yi tafiya. Saboda wasan agogon nan ne. A ɗakinmu aka jefo shi, ni na yi jinyarsa. Wannan na nan shi ya fi ba mu wahala, ya ƙi kamewa.” Ya ɗora tsumman a wurin a hankali. “Zuba ruwa, kada ya huce.”

Injiniya ya ɗauki butar. Ya zuba, ruwan yana sauka a ƙasa fiye da a jikinka. Haka muka gama, muka shafa kafur, muka sa ka a likkafani, tsohon ya ɗaure ƙullin kai da na ƙafa.

Sai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da muka zo fita, Almakashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya zaro aljihunan rigarsa duka biyu waje, ya cire hularsa ya kaɗe, ya ɗaga hannuwansa sama a gaban Injiniya. Ashe haka yake yi a duk gidan da aka kira shi gyaran kwaɗo, tun ranar da ya tuba, ba ya fita sai an laluba shi, don kada wani abu ya ɓace daga baya a tuna da shi. Ba gatse ya yi ba, jikinsa ne ya saba. Ya ce, “Duba ni, Yallaɓai, kafin in fita. Ya fi mana kwanciyar hankali.”

Ɗakin ba komai a cikinsa sai tabarma da kai. Injiniya ya dubi ɗakin, ya dubi dattijon da ya kai sa'an ubansa tsaye da aljihu a waje. Ya kama hannuwan nan biyu, suna jiƙe da ruwan wankanka, ya sauke su. Ya mayar masa da aljihunan ciki da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hular ya sa masa. Sa'an nan ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Ni da aka hana kuka a gaban jama'a, na gode Allah da mu uku ne kawai a ɗakin.

Da aka fito da makara, Injiniya ya kama gaba ta dama, ya kira Almakashi ya ba shi ta hagu, a gaban abokan aikinsa da surukansa da kowa. Su biyu suka shiga kabari suka karɓe ka. Na sauke kayanka, Ciyaman, an cika maka wasiyya.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa wahalar da ya sha a duniya da jinyar da ya yi su zama kaffara. Abin da ya faɗa na gaskiya cikin raha Ka ba shi ladansa, inda harshensa ya zarce Ka yafe masa. Yadda ya rufa asirin bayinKa, ya ja wanda ya faɗi ya tsayar da shi, Ka rufa masa asiri ranar da ba rigar da za ta ɓoye kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, wadda ta riƙe masa sirri da gida tsawon zamansu, Allah Ya ba ta haƙuri Ya saka mata. Ina yi wa Injiniya da ƙannensa da jikoki ta'aziyya, Allah Ya haɗa kansu Ya albarkaci bayansa. Ina yi wa 'yan ƙungiyarmu, tsofaffi da sababbi, da duk wanda ya taɓa zama a bencinmu ya yi dariya. Ina kuma yi wa Almakashi, wanda tun ranar yake zaune a zauren gidan, a jere da 'ya'yan mamaci, yana karɓar gaisuwa. Allah Ya jiƙan Ciyaman, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.